Cinikin biri a sama: me ya sa muke jin kunyar rubuta kuɗin oda?

Saura mako uku ƙaramar Sallah, bayan la'asar, ina zaune a bencin mai shayin layinmu a Agege sai hayaniya ta tashi a ƙofar gidan da ke kallonmu. Maƙwabciyarmu ce, wadda ke sayar da mayafai da takalman yara a ɗakinta, take tsaye da wani matashi da kowa a unguwar ya san yana yi wa mutane odar kaya daga Chana. Wata uku ke nan da ta kwashi adashinta ta damƙa masa. Kaya sun iso Legas, in ji shi, amma ba za su fito ba sai ta ƙaro kusan rabin abin da ta biya tun farko.

"Haba ɗan nan, ba haka muka yi da kai ba," take ta maimaitawa.

Shi kuma yana rantsuwa: "Wallahi Hajiya ba ni ba ne. Kilo ne ya yi yawa, ga kuɗin kiliya, ga dala."

Da mutane suka taru, wani dattijo da muke salla tare ya yi tambaya guda: "To me kuka rubuta?" Aka yi tsit. Ba takarda, ba rasit, ba ko saƙon rubutu da ya ambaci adadi. Abin da ke cikin wayarta saƙon murya ne guda ɗaya, inda yake cewa kuɗin jirgi ba zai yi yawa ba in Allah Ya so.

Tun ranar abin yake ci mini rai, domin ba shi ne na farko da na gani ba. Na ga irinsa a Idi-Araba, na ji irinsa a Mile 12, kuma ƙanwar matata ta taɓa faɗawa ciki.

Ga inda na tsaya. Ban ga aibin sayen kaya daga ƙasar waje ta intanet ba, kuma ba na cikin masu kiran a hana. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke miƙa kuɗi ba tare da mun san ƙarshen lissafi ba. Duk wanda zai karɓi kuɗin wani da sunan oda, ya kamata ya rubuta masa tun kafin alat ya shiga: nawa ne kuɗin kayan, a kan nawa aka canza kuɗin, nawa ne kowane kilo, wa zai biya fito, yaushe za su iso, kuma me za a yi in ba su iso ba. Wanda ya ƙi rubutawa, kada a ba shi. Kunyar neman wannan takarda ta fi ɓarayin intanet cin dukiyarmu a garin nan.

Kuɗin da ke kan allo somin-taɓi ne

Mutum ya buɗe waya ya ga takalmi a kan kuɗin da ko silifas ba zai saya ba a kasuwar Balogun, sai ransa ya biya. Abin da bai gani ba shi ne tafiyar da takalmin zai yi kafin ya zo ƙafarsa.

Yawancin masu yi mana oda a shafin 1688 suke sayayya. Shafi ne na kamfanin Alibaba da aka yi domin 'yan sarin cikin Chana, da harshensu yake, da kuɗinsu yuwan ake biya, kuma mai kaya ba ya aikawa ƙetare. Don haka dole a samu wanda zai biya yuwan ɗin, a samu adireshin wani sito a Guangzhou ko Yiwu inda za a tara kayan, sannan kamfanin kago, wato na jigilar kaya, ya ɗauko su. In ta jirgin sama ne, a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja za su sauka, kuma da kilo ake lissafi. In ta ruwa ne, sai Apapa ko Tin Can ko sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023, kuma da girman wurin da kaya suka ci a kwantena ake lissafi. Bayan an fito da su akwai kuɗin mai babur ko motar da za ta kawo su gida. In mai kayan a Kano take ko Gusau, akwai wata tafiyar kuma.

Kowane zango da kuɗinsa. Amma wanda ya fi kama mutane ba shiri shi ne kilo, saboda kilon jirgi ba kilon sikelin mai nama ba ne. Kamfanin kago yana duba nauyi, yana kuma duba girma, wanda ya fi yawa shi zai caja. Ana auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita, a ninka su, a raba da 6,000. Wasu kamfanonin aika saƙo na gaggawa da 5,000 suke rabawa. A ce kwali mai tsawon 50, faɗin 40, tsayin 40. In ka ninka ka samu 80,000. Raba da 6,000, ya haura kilo 13. Ko da abin da ke ciki jakunkunan mata ne marasa nauyi da ba su wuce kilo 5 a sikeli ba, kuɗin kilo 13 za ka biya.

Wannan ba sirri ba ne. Duk wanda ya yi oda sau biyu ya san shi. Shi ya sa nake cewa matashin nan da ya ce wa Hajiya kuɗin jirgi ba zai yi yawa ba, ko dai bai san aikinsa ba, ko ya sani ya yi shiru don kada ta fasa. Takalman yara a cikin kwalayensu iska ce rabin abin da ake biya wa. Da ya gaya mata, da ta ce a cire kwalayen a zuba takalman a buhu, kamar yadda masu wayo suke yi.

Haka kuɗin kiliya, wato na fitar da kaya daga hannun kwastam. Kamfanonin kagon da ke haɗa kayan mutane da yawa suna da farashi sananne da suke bugawa ga abokan cinikinsu: dala kaza kowane kilo, naira kaza kuɗin fitarwa. Mai oda yana da wannan farashi a wayarsa tun ranar da ya karɓi kuɗinka. Zai iya canzawa kafin kaya su iso, gaskiya ne, amma ba daga sama yake faɗowa ba. Me zai hana ya nuna maka?

"Ai amana ce tsakaninmu"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma ita ce ta fi nauyi a zuciya, don haka zan daɗe a kanta.

Mu Hausawan Legas baƙi ne a garin mutane, ko da an haife mu a nan. Abin da ya riƙe mu shi ne yarda da juna. Ɗan canji a Marina yakan miƙa wa ɗan'uwansa miliyoyi da baki kawai. Mai shanu a Arewa yakan loda tirela ya turo wa dillalinsa a Oko-Oba, kuɗi ya biyo baya. Mai tumatir da mai albasa a Mile 12 haka suke rayuwa. To mutumin da ya tashi a cikin wannan, in ka ce masa ya nemi takarda daga ɗan maƙwabcinsa da ya gani tun yana rarrafe, sai ya ji kamar ka ce ya kira yaron ɓarawo a gaban uwarsa.

Na fahimci wannan, ni ma a cikinsa na tashi. Amma mu duba yadda amanar iyayenmu take da gaske. Hausawan da suka zauna a Agege saboda fataucin goro ba a iska suke ciniki ba. Bafatake yana da mai masauki da ke tsaya masa. Akwai dillali da kowa ya sani, la'adarsa sananniya ce, ba a ɓoye take a cikin farashi ba. Ana kwance huhun goro a gaban mai saye ya gani, ya ɗanɗana. Ana sallamawa a gaban shaidu. In rigima ta taso akwai sarkin kasuwa, akwai Sarkin Hausawa. Amanar tana da ginshiƙai da take tsaye a kansu.

Odar intanet ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai kaya yana wata duniya, ba ya jin harshenka, ba ka jin nasa. Kayan hoto ne. Shaidu babu, domin da tsakar dare aka yi cinikin a WhatsApp. La'adar mai oda ba a ambata ta, sai dai ya cusa ta cikin kuɗin canji ko cikin kilo. Mun ɗauko kunyar iyayenmu, mun bar tsarinsu a baya.

Sannan addinin da muke fakewa da shi in mun ce "Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne" bai ce a bar rubutu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara gaya wa haka, mutanen da amanarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Kuma irin wannan ciniki na biya yanzu a kawo daga baya, malamanmu sun san shi tun da daɗewa, shi ne salam. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim ya gindaya masa sharaɗi: awo sananne, nauyi sananne, zuwa lokaci sananne. Abin da matanmu ke kira firi-oda, wato ki biya tukuna a tara kuɗin jama'a sannan a sayo, in ba a san nauyi ba, ba a san rana ba, ba a san ƙarshen kuɗi ba, ina ya tsaya? Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake bayarwa ba. Amma ina roƙon limamanmu na Agege da Obalende da Alaba Rago su ɗauki wannan batu a huɗuba ko a karatun bayan magariba, domin ya shiga kowane gida.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, rashin takardar bai kare zumuncin da ake tsoron ɓatawa ba. Yau Hajiya da mahaifiyar yaron nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma da ƙyar. Shekara goma sha suna aron tukunya da turmi. Da an rubuta layi shida a takardar makaranta, da har yanzu suna shiga ɗakin juna.

Shi ma mai odar yana da nasa kukan

Kada a ɗauka ina cewa duk masu oda macuta ne. Ɗan yayana yana wannan sana'ar, na ga yadda yake kwana ido biyu saboda Chana ta riga mu da awa bakwai, lokacin da muke barci su suna kasuwa. Ya taɓa yin odar jakunkuna baƙaƙe aka zubo masa ruwan ƙasa. Ya taɓa biyan kuɗin jirgin kayan wata mata daga aljihunsa, da suka iso ta ce ta fasa, mijinta ya hana. Kwali yakan ɓace a sito. Kaya masu batir a ciki, irin su fitila da na'urar cajin waya, ba kowane jirgi ke ɗauka ba, sai a ware su a ƙara musu kuɗi da kwanaki.

Maganar dala ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a wancan tsakanin, kaya suna kan ruwa wata biyu, ya sha wuya ta gaske. Na san waɗanda jarinsu ya karye a lokacin.

Amma a lura da abu ɗaya. Kuɗin kayan da kansa, ranar da aka biya mai kaya a Chana an gama da shi, ko dala ta kai sama bai shafe shi ba. Abin da tashin dala ke taɓawa kuɗin jirgi ne da na fito, waɗanda ake biya in kaya sun sauka. In mai oda ya ce dala ta tashi, sai a tambaye shi: a kan wane ɓangare? In kuma ya riƙe kuɗinka mako uku bai saya ba yana juya su a wata harka, har canji ya motsa, wannan asararsa ce, ba taka ba.

Takardar da nake magana a kai shi ma garkuwarsa ce. Ɗan yayan nawa, tun da matar nan ta bar shi da kaya, ya koma rubuta wa kowa sharuɗɗansa kafin ya karɓi sisi, har da cewa wanda ya fasa bayan an saya, kuɗinsa ba ya dawowa. Wasu sun gudu, sun ce ya cika tsanani kamar banki. Waɗanda suka tsaya su ne suke kawo masa wasu. Kuma ya fito da la'adarsa fili, kashi kaza cikin ɗari, ba ya ɓoye ta a canji. Na tambaye shi ko bai ji nauyin faɗa ba, ya ce, "Baffa, ai ladan aikina ne, me zan ɓoye?"

"A hana kawai, a sayi na gida"

Akwai abokaina masu shaguna da ke cewa odar intanet tana kashe kasuwa, gwamnati ta toshe ta. Ina jin zafin da suke ji. Mai shago yana biyan haya a Legas, yana biyan kuɗin ƙungiya da na ƙaramar hukuma, sai yarinya da waya a ɗaki ta karya masa farashi.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Kayan da ke cikin shagunan Balogun da Alaba da Trade Fair da Computer Village, da ma Kantin Kwari a Kano, kaso mai yawa daga wannan Guangzhou ɗin suke fitowa. Bambancin kawai, da Alhaji ne mai biza da kuɗin kwantena yake iya zuwa, yanzu bazawara mai jarin adashi ma ta samu ƙofa. Masaƙunmu kuwa ba waya ce ta kashe su ba. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe tun 2002, UNTL ta bi baya a 2007, kafin shafin sayayya na AliExpress ya zo duniya a 2010. Rashin wuta da fasa-ƙwauri da sakacin hukuma sun gama da su tun kafin wani ya taɓa yin oda a waya. In ana so a sayi na gida, a gyara wuta, a samar da na gidan. Ni ma na fi son takalmin Aba ko fatar Kano in na samu mai kyau.

To a tsallake mai oda mana

Wasu matasa masu boko suna cewa duk wannan surutu ne, kowa ya sauke manhaja ya saya da kansa. Ga AliExpress, ga Temu da ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024 da farashinsa a naira, ga Amazon.

Ga ƙaramin abu, na yarda. Irin waɗannan shafuka suna da kariyar da mai odar unguwa ba shi da ita: ana ba ka lambar bin sawun kaya, akwai wurin shigar da ƙorafi, kuma in ka nuna hujja a kan lokaci ana iya mayar maka da kuɗi. Sharaɗin dai kada ka fita daga cikin shafin. Duk mai kayan da ya ce ka zo WhatsApp ka tura masa kai tsaye zai rage maka, ya fitar da kai daga inuwa zuwa rana. Kuma ka ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗe ƙunshin, shi ne shaidarka.

Hukumar kwastam ma ta kawo sauƙi. Tun watan Satumban 2025, ƙaramin saƙon da darajarsa ba ta wuce dala 300 ba an yafe masa harajin fito, har sau huɗu a shekara, in ba haramtaccen kaya ba ne. Mutane da yawa a unguwarmu ba su ji wannan ba. Sauƙi ne na ƙaramin ƙunshi, ba na kwantenar 'yan sari ba, amma ya kamata kowa ya san shi, don in an ce masa kawo kuɗin kwastam a kan agogo ɗaya ya iya cewa a nuna masa takarda.

Amma masu cewa a tsallake mai oda sun manta abin da ya haife shi. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. Shekarun nan, wanda ba shi da asusun dala dole ya bi ta hannun wani. Ga harshe: Hajiya tana karanta Hausa da ajami da boko, amma shafin da ke da Turanci ko rubutun Chana ba nata ba ne. Ga adireshi. Manhaja tana neman lambar gida da sunan titi da lambar gidan waya mai alƙaluma shida, mu kuwa kwatancenmu shi ne bayan masallaci, gida na uku in ka wuce mai faci. Sai mai babur ya yi ta kira da Yarabanci ko Turanci, ba a fahimci juna ba, ƙunshi ya koma ofis. Masu saye a Amazon kuma sukan tarar mai kaya ba ya aikawa Najeriya, sai sun nemi adireshin wani kamfanin kago a Amurka ko Ingila, wanda shi ma mai oda ne da ya sa kwat.

Maganar mayar da kaya kuwa, a takarda take da daɗi. Rigar da ta yi maka kaɗan, kuɗin aika ta Chana ya fi kuɗinta. Sai dai ka ba ƙaninka.

Don haka mai oda ba zai ɓace ba, kuma bai kamata ya ɓace ba. Sana'a ce ta halal da ke ciyar da gidaje. Gyara take buƙata.

Namu laifin, mu masu saye

Ba zan wuce ban taɓa mu ba. Araha ba ta ado, mun sani, amma in muka ga hoto sai mu manta. Mutum ya ga leshi a kan kuɗin atamfar roba ya yi tsammanin na Siwizalan za a kawo masa. Ba ma duba awo: rigar da ake kira babba a awon Chana matsakaiciya ce a jikin Bahaushe, lambar takalmin Amurka daban da ta Ingila, daban da ta Turai da muka saba. A auna ƙafa da santimita a huta. Wani abokina ya sa aka kawo masa injin markaɗe daga Amurka, ya jona, ya ƙone nan take, domin wutarsu 120 ce, tamu 230. Wani ya sayi waya mai araha ta zo a kulle da layin kamfanin can. IPhone 14 da aka yi wa kasuwar Amurka ma ba ta da ramin saka sim ko kaɗan.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne mayukan shafawa da magungunan ƙiba da na rage ƙiba da na mata da ake odarsu ba lambar NAFDAC, rubutun jikinsu ba mai iya karantawa a gidan. Takalmi in bai yi ba kuɗi ka rasa. Wannan kuwa fata ce da ƙoda. A nan ba ni da sassauci: kada a saya, kada a yi wa kowa odarsu.

Wa zai ɗaura wa abin ƙararrawa?

Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Hannunta ba zai kai kan mai shago a Yiwu ba, amma zai iya kaiwa kan wanda ya karɓi kuɗinka a Legas. Sai dai ko ita, ko 'yan sanda, ko kotu, ko zauren sulhu na masallaci, tambayar farko ita ce wadda dattijon nan ya yi: me kuka rubuta? In babu, sai rantsuwa ta kara da rantsuwa.

Shi ya sa ban sa ido ga Abuja ba a wannan magana. Abin da za mu iya yi da hannunmu ya fi kusa. Muna da fadar Sarkin Hausawa a Agege da sauran unguwanni, muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, muna da makarantun Islamiyya na matan aure inda yawancin wannan ciniki yake ƙulluwa. A tsara takarda guda mai shafi ɗaya, da Hausa, a bar gurabe a cike. A buga ta a raba, a sa hotonta a zaurukan WhatsApp. Ranar da ta zama al'ada, ba wanda zai ji an zarge shi don an miƙo masa ita, kamar yadda ba wanda ke fushi don an kira shaidu wurin ɗaurin aure. Masu sulhu kuma su sanar cewa duk ƙarar odar da ta zo, takardar za su fara nema.

Hajiya dai sai da ta ranci kuɗi wurin ƙaninta mai sayar da suya a Ikeja ta cika. Kayan sun shigo hannunta kwana tara bayan Sallah, lokacin da kowace uwa ta riga ta saya wa 'ya'yanta takalmi. Har yanzu rabinsu na ƙarƙashin gadonta.

Makon jiya ta aiko ɗanta ya kira ni. Za ta sake yin oda, wannan karon ta hannun wata mata a Idi-Araba, tana so in rubuta mata abin da za su sa wa hannu. Na zauna a tabarmar tsakar gida da biro da littafin yaron, tana faɗa ina rubutawa. Da muka zo kan ranar isowa, matar ta ce a waya ba za ta iya yanke rana ɗaya ba, jirgin ruwa ba motar Kano ba ce. Hajiya ta ce to ta faɗi mafi nisa. Ta ce mako goma. Hajiya ta juyo ta ce mini, "Malam, rubuta mako goma. Ka ƙara da cewa in ya wuce sha biyu, kuɗina nake so."